HUKUMAR GIDAJE DA ƊAKIN TALAKA

Lacca ga 'yan ajin yaƙi da jahilci na ƙasar Gwarzo da Kabo

Na san waɗansunku daga nesa suka taso, daga Getso da Kutama da Lakwaya, waɗansu kuma daga Garo da Gude da Durun. Allah ya saka muku da alheri.

Zancenmu na yau na gida ne, watau inda mutum yake kwana da iyalinsa, inda yake ajiye hatsinsa da dabbobinsa. Kowa a nan ya san watan Agusta. In aka kwana biyu ana marka, sai magidanci ya kasa barci, yana sauraron bango. Gari na wayewa sai ka ji an ce ɗakin wane ya zube, rumbun wane ya zauna, katangar wane ta faɗa wa awaki. Wani lokaci har da rai. Abin da mutum ya tara shekara biyar, sai ya tafi cikin dare ɗaya.

Manyanmu suna tune da Agustan 1988, sa'ad da ruwa ya yi ɓarna a ƙasar Kano, madatsar Bagauda ta ɓalle, gidaje masu yawa suka rushe. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri. Amma rushewar ɗakin talaka ba ta jiran babbar ambaliya. Kowace damina ana yinta, ɗaki ɗaya nan, biyu can, ba mai ƙidayawa.

To, Gwamnati tana da hukuma wadda aikinta shi ne sha'anin gidaje. Tambayar da za mu yi yau ita ce: yaya za a gyara aikin wannan hukuma har amfaninta ya iso mana nan ƙauye? Mu kuma, mene ne namu aikin?

MECE CE HUKUMAR GIDAJE?

Hukumar gidaje ofis ne na Gwamnati. Ana ba ta kuɗi daga baitulmali, ta nemi fili, ta gina gidaje, sa'an nan ta sayar ko ta ba da haya. Kuɗin baitulmali kuwa na jama'a ne. Saboda haka hukumar taku ce, kuna da ikon ku san abin da take yi.

Iri biyu ce. Akwai ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka kafa a 1973. Ita ce mai kula da unguwar Festac ta Ikko, wadda aka gina domin baƙin babban bikin al'adu na 1977. Akwai kuma ta Jihar Kano. Wanda ya saba shiga birni ya san gidajen Gwamnati na Kundila, da na Gwammaja, da na Ja'oji, da na Kabuga, da na Ɗanladi Nasidi a Mariri. Tsakanin 2011 da 2015 Gwamnatin Jiha ta gina manyan unguwanni uku a bayan birni, watau Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo.

Ban da waɗannan akwai asusun gidaje na ƙasa, wanda aka kafa a 1992. An tsara shi a kan ma'aikaci ya riƙa zuba naira biyu da rabi cikin kowace naira ɗari ta albashinsa, domin wata rana ya sami rancen gina gida.

Duk wannan aiki ne mai kyau, mutane da yawa sun sami wurin zama. Amma ku lura da abu guda. Wuraren nan da na ambata duk a birni suke ko a gefensa. Asusun nan kuma mai albashi ya fi cin moriyarsa. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, yawancinsu na karkara ne, kamar Gwarzo da Kabo. Manomi ba shi da albashi. Kuɗinsa sau ɗaya suke zuwa a shekara, da kaka, sai ko mai noman rani a bakin madatsar Guzu-Guzu ko ta Pada, wanda yake samu sau biyu. Hukumar da ta san mai albashi kaɗai ba ta san mu ba tukuna.

DARASI DAGA ABIN DA YA WUCE

An taɓa gwada kawo gidajen Gwamnati kusa da talaka. Da Alhaji Shehu Shagari ya zama Shugaban Ƙasa a 1979, sai gwamnatinsa ta yi niyyar gina gida 2,000 a kowace jiha kowace shekara, domin masu ƙaramin ƙarfi. Jihohi 19 ne a lokacin. Niyya ce ta alheri. Amma abin da aka gama bai kai rubu'in abin da aka yi niyya ba. Waɗanda aka gama ma, da yawansu an kai su nesa da gari, ba ruwa, ba hanya, ba kasuwa. Suka daɗe ba kowa a ciki sai ƙadangaru da jemagu. Haka kuma gidaje da yawa na sababbin unguwannin nan uku na bayan birnin Kano suka yi shekaru a kulle, domin kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin mutane.

Ba a ƙasarmu kaɗai aka ga haka ba. A ƙasar Masar, cikin shekarun 1940, gwamnati ta so ta tashi mutanen wani ƙauye mai suna Gurna. Ta sa wani gwanin tsara gini, Hasan Fathi, ya gina musu sabon gari da tubalin ƙasa. Ginin ya yi kyau ƙwarai, har yanzu masu koyon gini suna karanta labarinsa. Amma yawancin mutanen suka ƙi tashi, gama abincinsu yana tsohon wurin.

Me muka koya? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da aka zana a ofis, ba a tambayi mai shiga ba, da wuya ya dace da shi. Ku dubi gidan manomi na ƙasarmu. Yana da zaure, inda maigida zai sauki baƙo ba tare da baƙon ya ga cikin gida ba. Yana da tsakar gida, inda mata za su yi daka da sussuka da shanya. Yana da turke, da rumbu, da madafa, da ɗan fili inda za a ƙara ɗaki ran da yaro ya isa aure. In aka ba manomi ɗaki biyu da falo, ƙofa tana kallon titi, ba wurin ɗaure tunkiya, to, an ba shi abin da zai sayar ne, ba inda zai zauna ba.

Saboda haka ga maganar da nake so ku riƙe. Mu mutanen karkara ba gida muka rasa ba. Kowa yana da inda yake kwana, yawancinmu kuma da hannunmu muka gina. Abin da muke bukata shi ne a taimake mu gidan da muke ciki ya yi ƙarfi, ya yi tsabta, ya kuma tabbata namu ne. Ga shawarwari bakwai a kan yadda hukuma za ta yi haka.

NA FARKO, HUKUMA TA ZO TA TAMBAYA

Daga Gwarzo zuwa Kano ya fi kilomita 60. Ba kowa ne zai bar gonarsa, ya biya mota, ya je ya yini a bakin ofis ba. Ya kamata hukuma ta sa ma'aikaci ɗaya a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. Ya riƙa fita ƙauyuka, musamman ranar kasuwa, yana sauraron mutane. Bayan kowace damina, shi da dagaci da masu unguwanni su zaga su rubuta ɗakunan da suka rushe, da dalilin rushewarsu. Takardun hukuma kuma a buga su da Hausa, da manyan baƙaƙe, yadda ɗan aji zai karanta da kansa. Kada a manta da mata. Su ne suke yini a cikin gida, su suka san inda hayaƙi yake taruwa da inda ruwa yake kwanciya.

NA BIYU, GYARA YA FI SABON GINI YAWAN AMFANI

Bari mu yi ɗan lissafi, irin wanda kuke yi a allo. A ce hukuma tana da naira miliyan 20. A ce kuma kuɗin nan gida ɗaya tak za su gina, na bulo da siminti. Mutum nawa ya amfana? Magidanci ɗaya. To, a ce an raba kuɗin, kowane gida an ba shi kayan gyara na naira 500,000. Gida nawa ke nan? Gida 40. Lissafin misali ne, amma ko yaya farashi ya sauya, amsar tana nan: abin da zai gina wa mutum ɗaya zai gyara wa mutane da yawa.

Wane gyara? Ginin ƙasa ba shi da abokin gaba kamar ruwa, ruwa kuwa ta wuri biyu yake cin bango, ta gindi da ta ka. Ta gindi, in ruwa ya kwanta a jikin bango, ƙasa ta jiƙe ta yi laushi, nauyin sama ya danne ta, sai bango ya zauna. Maganinsa harsashi na dutse ko na bulo, a ɗaga shi sahu biyu ko uku bisa ƙasa, sa'an nan a ɗora tubali. A kuma cike gindin bango ya zama gangare, ruwa ya gudu. Ta ka kuwa, in rufin kwano ne, a bar bakinsa ya zarce bango sosai, kada ruwan ya riƙa sauka a jikin gini. In soro ne, a sa indararo mai tsawo, a share shi, a toshe tsaga kafin ruwan farko. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, haka ma ruwa.

Ashe buhun siminti kaɗan a gindi, da rufi mai kyau a ka, sun isa su riƙe ɗakin ƙasa shekaru masu yawa. Nan ya kamata taimakon hukuma ya tafi.

NA UKU, A KOYA WA MAGINANMU, A BA SU AIKIN

Waɗansu suna jin kunyar ginin ƙasa, suna cewa na matsiyata ne. Ba haka ba ne. Gidan Makama na Kano na ƙasa ne. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Muhammadu Durugu, Babban Gwani, ya gina zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, da ƙasa da azara ya yi bakan gizonsa da ɗaurin gugarsa. A ƙasar Tawa ta Nijar, wani magini mai suna Falke Barmu ya fara ginin masallacin garin Yama a 1962, da ƙasa. A 1986 aka ba ginin nan babbar kyauta ta duniya. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da hunturu. Siminti kuwa, a farkon 2024 buhu ɗaya ya haura naira 10,000 a wurare da yawa.

Kakanninmu sun san dabarun kare bango. Suna shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa. Suna yin laso da katsin marina. Suna rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Amma giginya ta yi ƙaranci, tana kuma ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Don haka akwai sababbin dabaru biyu da ya kamata maginanmu su sani.

Ɗaya ita ce tubalin matsi. Ana tankaɗe jar ƙasa, a zuba awo ɗaya na siminti cikin awo kamar 15 zuwa 20 na ƙasa, a yayyafa ruwa kaɗan, a matse cikin ƙaramin inji na hannu. Sa'an nan a jera a inuwa, a rufe, ana yayyafa masa ruwa, har wajen mako huɗu. Ba a ƙona shi, saboda haka ba ya cin itace. Ta biyu ita ce rufi ba da itace ba. A garin Cikal na Nijar, kusa da Filinge, aka fara koya wa magina wannan a 1980. Da tubali zalla ake lanƙwasa rufin, ba azara, ba kwano.

Hukuma tana iya tara magina da birkiloli na kowace gunduma da rani, ta koya musu. Ta ajiye injin tubali a kowace mazaɓa, jama'a su riƙa aro. In kuma za ta gina wani abu a garinmu, ta ba maginin garin. Ɗan kwangilar da ya zo daga nesa, in ya yi algus ya tafi ke nan. Maginin gari kuwa kullum za ku haɗu da shi a masallaci, ba zai so a nuna shi da baki ba.

NA HUƊU, TAKARDAR FILI

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun Gwamna, amana domin jama'a. A karkara kuwa ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar shaidar riƙon fili bisa al'ada. Da yawanmu ba mu da ita. Muna cewa, ai kowa ya san gidan ubana ne. Gaskiya ne, amma masu sanin suna mutuwa. Ran da dattawa suka ƙare, sai rigimar iyaka ta tashi, 'yan'uwa su kai juna gaban alƙali. Wadda ta fi cutuwa kuwa ita ce matar da mijinta ya rasu, da marayu.

Ya kamata hukumar gidaje ta haɗa kai da ƙaramar hukuma, a kawo safiyo ya auna unguwa guda a lokaci guda. In an yi haka kuɗin zai sauka a kan kowa. A rubuta kuɗin a bango, kowa ya gani. Wanda ya biya a ba shi rasit. In gari yana faɗaɗa kuma, a fid da hanyoyi da wurin makaranta da maƙabarta tun kafin a fara gini. Tun ran gini, tun ran zane. Kada a yanka fuloti a hanyar ruwa, kome arharsa. Ruwa ba ya manta hanyarsa.

NA BIYAR, BASHIN KAYA, BIYA DA KAKA

Mutane da yawa suna gudun rancen banki, domin akwai kuɗin ruwa a ciki, addini kuwa ya hana. Akwai hanyar da ba ta da wannan. Tun 2012 bankin Jaiz ya fara aiki a Kano ba da kuɗin ruwa ba, ashe abin mai yiwuwa ne. Hukuma ta sayi kwano da siminti da ƙusa da yawa, a farashin sari. Ta sayar wa manomi a kan farashin da aka yanka tun farko, ba ya ƙaruwa. Shi kuma ya biya kashi kashi, bayan ya sayar da amfanin gona. Kada a ba da tsabar kuɗi. Kuɗi a aljihu suna da ƙafa: ga biki, ga suna, ga cefane. Bandir na kwano kuwa rufi kaɗai zai yi.

Wa zai tsaya wa manomi? Ƙungiyarsa. Mutum goma su tsaya wa juna. In sun biya, sai a ba goma na gaba da kuɗin nan. Ta haka kuɗi ɗaya za su yi ta zagawa. Gajiyayyu kuwa, da tsofaffi, da marayu, su kyauta ya kamata a yi musu, jama'a su zaɓe su a bainar kowa.

NA SHIDA, MASAI DA MAGUDANA DA RUWAN SHA

Gida mai kyau a cikin unguwa mai ƙazanta bai tsira ba. A 2021 cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a Nijeriya, Kano tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. Cutar nan daga bayan gida take zuwa, ta shiga ruwan sha da abinci. Saboda haka duk gidan da hukuma za ta taimaka, a fara da masai mai murfi. A haƙa shi nesa da rijiya, kamar mita 30, watau taku 40 na babban mutum, kuma ta gangare, ba ta tudu ba. Maƙwabtanmu na Jigawa, waɗanda muke jiha ɗaya da su har 1991, a 2022 aka shaida jiharsu ce ta fara barin yin bayan gida a fili. Abin da suka iya, mu ma za mu iya.

Sai kududdufi. Daga cikinsa muke ɗibar ƙasar gini, amma in ya matso gidaje yakan ci gindin katanga, ya tara sauro, yara kuma su faɗa. A keɓe wurin haƙar ƙasa a bayan gari. Na cikin gari a fid da masa hanya, in ya cika ya zube can waje. Hukuma ta kawo siminti da kwalbati, mu mu kawo ƙarfi. Tagogi kuma a sa musu raga, iska ta shiga, sauro ya tsaya waje. A dasa darbejiya a bakin hanya da yamma da gidaje, ta tare rana da iska.

Rijiyar burtsatse kuwa, kun ga nawa aka haƙa suka mutu? Sau da yawa abin da ya lalace ɗan ƙarami ne, amma ba mai gyara, ba kuɗin gyara. Kada a haƙa sabuwa sai an koya wa samari biyu gyaranta, an kuma buɗe mata asusu.

NA BAKWAI, LISSAFI A FILI

Wannan ita ce uwar shawarwari. Kowane aiki da za a yi, a kafa allo a wurin. A rubuta sunan aikin, da kuɗinsa, da mai yinsa, da ranar gamawa. Sunayen waɗanda za a taimaka a liƙa su a ƙofar gidan dagaci, a kuma karanta su ranar kasuwa. Kada a tambayi mutum jam'iyyarsa. Ruwan sama ba ya tambayar jam'iyya kafin ya rushe ɗaki. Gwamnati kuma in ta sauya, wadda ta zo ta ƙarasa aikin da ta tarar, gama kuɗin da aka zuba a ciki na jama'a ne.

NAMU AIKIN

To, jama'a, mun faɗa wa hukuma nata. Saura namu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Hukuma ba za ta iya magana da magidanta ɗari biyar ɗaya bayan ɗaya ba, amma tana iya magana da kwamiti ɗaya.

Kowace unguwa ta zaɓi kwamitin gidaje na mutum bakwai. A sa dattijo, da magini, da matasa, da mata biyu. Magatakarda ya zama ɗan aji wanda ya iya rubutu. Mai riƙe kuɗi dabam, mai riƙe littafi dabam. Kowane wata a karanta lissafi a gaban jama'a.

A farfaɗo da aikin gayya. Da rani, in an gama sussuka, a sa rana. Yau a yi wa wannan yaɓe, gobe a yi wa wancan. A fara da gidan da ba shi da mai ƙarfi. Kafin ruwan farko a yashe lambatu, a kwashe leda da shara.

A yi adashin gini. Mutum 20, kowa yana zuba naira 2,000 kowane mako, kwasa ɗaya naira 40,000 ke nan. Cikin mako 20 kowa ya kwasa. Sharaɗin kawai shi ne, wanda ya kwasa kayan gini zai saya, ya nuna wa 'yan'uwa.

Ku yi hankali da 'yan damfara. Wani zai zo da jaka da takardu, ya ce Gwamnati za ta raba gidaje, a kawo kuɗin fam. Ku tambaye shi daga wane ofis yake. Ku je wurin dagaci ko sakatariya ku tabbatar. Kada ku biya ko kwabo sai da rasit mai hatimi. Kada kuma ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba. Nan karatunku zai yi muku rana.

Sa'an nan ku rubuta takarda. Maganar baki iska ce, takarda kuwa tana shiga fayil. Ga misali:

"Zuwa ga Shugaban Ƙaramar Hukuma, ta hannun Dagaci da Hakimi. Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu mutanen Unguwar Kaza muna sanar da kai cewa a daminar bana ɗaki kaza ne suka rushe mana, saboda ruwa ba shi da hanyar fita. Mun kafa kwamiti. Mun tara naira kaza. Za mu kawo yashi da dutse da ƙarfinmu. Muna roƙo a isar da kukanmu ga Hukumar Gidaje, a taimake mu da siminti buhu kaza, da ma'aikacin da zai auna mana magudana. Haza wasalam."

Kun ga takardar gajeriya ce. Ta faɗi abin da ya faru, ta faɗi abin da kuka yi, ta faɗi abin da kuke so. Ku sa kwanan wata. Ku rubuta biyu, ku ajiye ɗaya. Ku ba kansilanku labari, da ɗan majalisarku na jiha, gama majalisa ce take amincewa da kuɗin da za a ba kowace hukuma. In wata guda ya wuce ba amsa, ku koma cikin ladabi ku tuna musu. In unguwa ɗaya ta rubuta, ana iya mantawa. In unguwanni hamsin na Gwarzo da Kabo suka rubuta magana ɗaya, da wuya a manta.

Ba na ce gobe za ku ga motar siminti a ƙofar gida ba. Aikin hukuma yana da nawa. Amma cika gindin bango, da share indararo, da haƙa masai, da yashe lambatu, ba sa jiran kowa. Wanda ya fara da kansa, in taimako ya zo zai tarar da shi a kan hanya. In bai zo da wuri ba, ɗakinsa dai yana tsaye. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da iyalanmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN AJI

1. Daga ina hukumar gidaje take samun kuɗinta?
2. Me ya sa waɗansu gidajen Gwamnati suka daɗe ba kowa a ciki?
3. Ta wane wuri da wane wuri ruwa yake cin bangon ƙasa? Mene ne maganin kowanne?
4. Taku nawa ya kamata a bari tsakanin masai da rijiya?
5. Mutum 15 suna adashi, kowa yana zuba naira 3,000. Nawa ne kwasa ɗaya?
6. Ku ƙidaya ɗakunan da suka rushe a unguwarku a daminar da ta wuce. Ku rubuta takarda irin ta misalin nan, ku kawo wa malamin aji ya duba.